Ƙwaryar Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Malama Zaituna ta ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce duk wadda ba ta son hannunta ya manta da boko ta riƙa rubuta abin da ya same ta kullum, ko da layi ɗaya ne. Wata biyu littafin nan yana cikin kwalla, ban rubuta komai ba sai sunana, Saude, har sau bakwai. Me ke samuna ban da tuwo da miya? To yau dai an samu abin rubutawa. Mun yi baƙuwa.

Mijinta Zaharadeen ne ya kawo ta daga Kazaure a adaidaitar da yake haya da ita. Adaidaita ba ta iya hawo mana dutse, sai ya ajiye ta a gindin tsamiyar bakin hanya suka hawo a ƙafa, shi da akwati a ka, ita tana biye tana hutawa. Ya durƙusa a zaure ya gaida Malam, mai gidana. Ni kuwa ta bayan danga ya gaishe ni, kamar yadda surukin kirki yake yi, na amsa ta bayan danga.

Baƙuwar 'yata ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa faɗarsa da bakina ba, kuma ba biro ne zai koya mini rashin kunya da tsufana ba. A gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ranar da aka yaye ta Goggo Abu, yayar Malam, ta goya ta zuwa Gwiwa. Can ta girma, can aka yi mata aure. In mun haɗu a wajen biki sai ta durƙusa ta ce "sannunku", ni ma in ce "sannunku", kowa ta kalli ƙafarta. Shekara ashirin da biyu ke nan muna sannunku.

Goyon ciki ta zo, watanta ya kama. Bara a Gwiwa ta yi. Bana Malam ya ce a nan za ta zauna, bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ba ta ɗakin da ke kallon turken awaki. Na saci kallonta sau uku. Ta yi haske, ta yi kyau. Hancin nan nawa ne, ko gaban alƙali za a je.

Talata, 4 ga Satumba, da hantsi

Na dama kunu na rasa yadda zan ce ta sha. Ƙannenta duka biyun suna Babura wajen cinikin hatsi, babu wanda zan aika. Na kai minti goma ina juya ludayi. Daga nan na juya wajen Kyalla, akuyata, na ɗaga murya na ce, "Ke Kyalla, ga kunu nan a bakin murhu yana hucewa, mai so ya ɗauka."

Na ci gaba da juya ludayi. Can sai na ji murya daga ɗaki, ƙasa-ƙasa: "Kyalla, an gode."

Sai da na toshe bakina da zani don kada ta ji ina dariya. Kyalla kuwa ta ci gaba da tuƙa, ba ta san an naɗa ta muƙami ba.

Laraba, 5 ga Satumba, da azahar

An gaya wa Kyalla cewa yajin miya ya ɗan yi yawa. An rage.

Alhamis, 6 ga Satumba, bayan magariba

Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakina yana ta gyaran murya, har na zaci ƙashin kifi ne. Ashe saƙo ne. Ya ce Zaharadeen ya ce malamar awo ta ce da zarar an ji alamar farko a kai ta asibiti. Kada a ce bari a gani, kada a ce sai gari ya yi sanyi. Bango ya kalla ya faɗa, ya sa takalminsa ya koma zaure.

Faɗa da sauƙi. Wa zai san an ji alamar? A nan mace ba ta cewa naƙuda ta zo mata. Ni da na haife ta, surfe nake yi, na ajiye taɓarya na zagaya bayan rumbu, kukanta ne ya sanar da gida. Shekaru aka yi ana ba da labarina a wajen biki, ina jin daɗi. Ita kuma tarbiyyar Goggo Abu ce, wadda ko ƙaya ta taka ba ta yarda a ga ta ɗingisa.

Bara kwana biyu aka ce ta yi tana shara da naƙuda a jikinta. Ba zan rubuta bara ba.

Tsoro nake ji. Wannan dai na rubuta.

Juma'a, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na tsallaka gidan Shatu, maƙwabciyata, na same ta tana tsinkar gyaɗa. Na gaya mata damuwata. Ta ce, "To ki tambaye ta mana, Saude."

Na ce, "Da wane bakin?"

Ta ce, "Da wanda kike zagin kajina da shi."

Shatu ke nan, ba a yin maganar arziki da ita sai an biya ta kan kaji. Amma ina zaune ina taya ta tsinka dabara ta zo mini. Na dawo gida na ɗauko farar ƙwaryata mai ɗinki a baki, na ajiye a tsakar gida, na je turke na ce, "Kyalla, kin ga ƙwaryar nan? A bakin ƙofa za ta riƙa zama a buɗe. Ranar da wani ya ji wani abu, ko yaya yake, ba sai ya yi magana ba. Ya kife ta kawai ya koma ɗaki. Sauran aikin na wasu ne."

Ba a amsa wa Kyalla ba. Na shiga yin tuwo ina cewa na yi wauta.

Asabar, 8 ga Satumba, da sassafe

Ƙwarya tana bakin ƙofarta, a buɗe. Ba ni na kai ta ba.

Na gaya wa Shatu. Ita ke da waya, ta karɓi lambar Zaharadeen a hannun Malam. In na ruga gidanta, ita kuma ta kira shi. Mun gama shiri kamar masu kai hari.

Litinin, 10 ga Satumba, da hantsi

Zaharadeen ya kawo itacen wankan jego karo na uku. Tun daga tsamiya yake hawowa da shi a ka, ya jibge a bayan danga ya gudu. Tsibin ya kusa kai rufin rumbu. Malam ya ce in yaron nan bai daina ba, nan da mako ba sauran inuwa tsakanin Roni da Kazaure.

Matan unguwa kuma kullum suna shigowa, kowa da dokarta. Kada ta zauna a bakin ƙofa, yaro zai tsaya a hanya. Kada ta zauna kan turmi. Kada ta sha rake, zaƙi zai tare haihuwa. Kada ta fita da rana tsaka ko da almuru, musamman ta wajen tsamiya, lokacin masu wurin suke fitowa da 'ya'yansu shan iska. Kada ta ci ƙwai, yaro zai yi ɗauke-ɗauke. Ita dai tana durƙushe tana cewa "to". Ko an ce kada ta yi numfashi ranar Laraba, "to" za ta ce.

Sauran dokokin duk na yarda, ni ma su na bi. Amma na ƙwai, Zaharadeen ya ce an ce ta ci. Shi ya sa kullum da safe nake dafa biyu in bar su a kan dangar turke, in gaya wa Kyalla na manta da su. Kafin hantsi sai ɓawo. Akuyar nan ta lalace da cin ƙwai.

Laraba, 12 ga Satumba, da azahar

Yau na sha kunya ta ishe ni har ƙarshen shekara.

Na fito daga madafa na hango ƙwarya a kife. Ban san lokacin da na tsallake dangar Shatu ba, babu ɗankwali, muciya a hannu. Shatu ta kira. Kafin a ce haka sai ga Zaharadeen yana haki a ƙofar gida, takalmi ƙafa ɗaya, ashe har da fasinjojinsa biyu ya taho, ya bar su a gindin tsamiya suna zaginsa. Malam ya baro gona da lauje. Mata sun cika tsakar gida.

Sai ga baƙuwa ta fito daga banɗaki da buta a hannu, lafiyarta ƙalau, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Shatu ta ɗaga ƙwaryar, ɗan tsako ya fito a guje. Kazar Shatu ce ta hau bakin ƙwaryar ta kife ta a kan ɗanta. Na ce ai na sha faɗa, kajin nan sai sun ga bayana. Kowa ya yi dariya har da hawaye. Zaharadeen ya manta da surukuta ya zauna a ƙasa yana ƙyaƙyatawa a gabana, da ya tuna ya tashi ya fice.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ta ajiye buta ta shige ɗaki ta saki labule.

Alhamis, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Yau ba a aiko wa Kyalla komai ba.

Juma'a, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Yau ma. Ƙwai biyu suna kan danga har yanzu.

Na gane laifina. Yarinyar da ba ta son a san tana da ciki, na tara mata rabin gari da fasinjoji. Yanzu ta ga abin da kife ƙwarya ke jawowa. In abin ya zo da gaske, za ta kife kuwa?

Asabar, 15 ga Satumba, da hantsi

Na je turke na durƙusa kamar mai tatsa. Na ce, "Kyalla, tsohuwar banza ta yi kuskure. Nan gaba babu ihu, babu tsallake danga. Mutum uku ne kawai za su sani. A yi haƙuri."

Na jima a durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Sai na ji an ce, "Kyalla, ɗan tsakon bai ji ciwo ba ko?"

Na ce, "Kyalla, yana nan ya fi kowa rashin kunya."

Na ji wata 'yar dariya a bayan labule. Irin dariyar mahaifiyata ce sak, mai fita ta hanci. Na tashi na shiga ɗaki na yi kukana kaɗan, na fito na ɗora wake.

Litinin, 17 ga Satumba, bayan magariba

Goggo Abu ta iso daga Gwiwa, ba aike ba sallahu. Ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙasa ta hawo dutsen nan da ƙafarta, ƙunshi a ka, ko haki ba ta yi. Ta gaida ƙanenta a tsaye. Ni kuma ta dube ni ta ce, "Saude, an ce ke ce ungozomar bana. Na zo in ga aiki."

Na ce, "Sannu da hanya, Goggo. Ai gidanki ne."

Ta kwance ƙunshi: tsamiya, sassaƙe iri uku, rubutu a gora, laya, da wata wuƙa mai kube da ta tura ƙarƙashin matashin baƙuwa saboda iskoki. Ta leƙa ko'ina ta ce gidan ya cika iska, dutse ya yi kusa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Tana shiga ɗakin ta kira ta da sunanta, da ƙarfi, sau biyu, kamar ba komai ba. Ta zaunar da ita tana tsefe mata kai, suna hira ƙus-ƙus. Ina waje ina tankaɗe ina ji. Kishi na ji, ba zan ɓoye wa littafina ba. Ni na haifa, ita ta iya sunan.

Laraba, 19 ga Satumba, da azahar

Goggo ta ga ɓawon ƙwai a turke. Na ce Kyalla ce. Ta dubi Kyalla, ta dube ni, ta ce a Gwiwa awaki dusa suke ci.

Alhamis, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Mata sun zo gaida Goggo, hira ta kai kan haihuwa. Goggo ta gyara zama ta ce, "Ni 'yata ba raguwa ba ce. Tun tana ƙarama ko wuta ta taɓa ba ta cewa wash. 'Yan yanzu ne ciki na ɗan murɗawa sai a tara gari." Mata suka ce haka ne. Baƙuwa tana gefe tana tsince shinkafa, kanta a ƙasa.

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na so in ce, Goggo, da ta ce wash bara fa? Na haɗiye. Da na ɗaga ido sai na ga Goggon ma tana kallon tafin hannunta, har aka canza hira ba ta ɗago ba. Wataƙila ita ma tana da littafinta, a ciki take rubutawa.

Ban gaya mata zancen ƙwarya ba. Za ta ce na koya wa 'yarta raki.

Asabar, 22 ga Satumba, da sassafe

Goggo ta rasa abin jiƙa magani sai ƙwaryar bakin ƙofa. Ta cika ta da tsamiya da sassaƙe, wai na fitar da zaƙi, ta ce kada wanda ya taɓa sai ya kwana. Bari in gama surfe in nemo wata in gaya wa Kyalla.

Lahadi, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Gobe zan rubuta.

Litinin, 24 ga Satumba, da hantsi

Ban nemo wata ƙwaryar ba. Surfe ya kai ni wanki, wanki ya kai ni ɗora sanwa, na ce ai da sauran lokaci.

Ranar Asabar ɗin, wajen hantsi, na ga baƙuwa ta fito ta tsaya a kan jiƙon Goggo. Ta dube shi ta koma. Na ce ko warinsa ne ya dame ta. Can ta sake fitowa, ta sunkuya har ta kai hannu bakin ƙwaryar, ta janye. Sai ta ɗauki tsintsiya.

Ni na share tsakar gidan nan da asuba, ko tsinke babu. Ta fara daga bakin zaure tana sharewa a hankali. Ta kai wajen turmi ta dafa shi, ta tsaya, goshinta yana tsattsafo da gumi, ta ci gaba. Goggo tana inuwar rumbu da Shatu da wasu mata biyu suna ɓarar gyaɗa, har tana cewa, "Kun gani ko? Ba ta iya zama haka nan."

Ni kuwa sai na gane. Ba za ta zubar da maganin wadda ta goya ta ba, ko da me take ji. Ta zo ta faɗa mini sau biyu, ni ce na bar ta ba abin faɗa.

Na juya wajen turke don in yi wa Kyalla magana. Babu Kyalla, Malam ya kora su kiwo tun da safe. Igiya ce kawai a ƙasa.

Ban san yadda aka yi ba. Na ajiye muciya, na taka har gabanta, na karɓe tsintsiyar. Na dube ta cikin ido, abin da ban yi ba tun tana shan nono. Na ce, "Fatu."

Ga shi na rubuta. Fatu. Alƙalamin bai karye ba.

Har ɓarar gyaɗa ta tsaya. Na ce, "Fatu, ya zo?"

Idonta ya kawo ruwa, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

"Tun yaushe?"

Ta ɗaga yatsa ta nuna gabas. Tun fitowar rana ke nan.

Shatu ba ta jira an ce mata komai ba, ta zaro waya daga ƙugunta. Goggo ta miƙe gyaɗa na zuba daga cinyarta. Ta ce, "Saude, kunyar fa? A gaban mutane?"

Na ce, "Goggo, na ajiye ta, in mun dawo na ɗauka."

Ta dubi sama ta ce, "Rana ta take tsaka. Mai ciki ba ta bi ta tsamiyar nan yanzu, kin fi kowa sani. A bari la'asar ta yi."

Na ce, "Bara ma la'asar aka jira."

Ban yi niyyar faɗa ba, fita ta yi. Goggo ta tsaya kamar an dasa ta. Na ce shi ke nan, na kashe zumuncin shekara talatin. Ta juya ta shige ɗakin Fatu. Sai ga ta ta fito da wuƙar nan tsirara a hannu, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta ce, "To ku biyo ni. Ni ce a gaba. Duk aljanin da ya isa ya fito."

Haka muka sauka. Goggo a gaba tana saran iska hagu da dama, tana cewa, "Ku kauce, ku janye 'ya'yanku, ba da ku muke ba." Ni da Fatu a baya, hannunta a wuyana, nauyinta duk a kaina. Duwatsu sun ɗau zafi. Duk inda abin ya murɗa mata sai ta matse mini kafaɗa mu tsaya, ko uhum ba ta cewa. Kafaɗar tana ciwo har yau, ba na son ta daina.

Mun iso tsamiya ke nan sai ga Zaharadeen, wannan karon da takalmi biyu, babu fasinja. Ya ga wuƙa a hannun Goggo ya ja da baya. Ta ce, "Tuƙa, ba kai ba ne." Har Roni hannunta yana waje da wuƙar, 'yan acaɓa suna ba mu hanya.

A asibiti malamar ta duba ta, ta daina murmushi, ta kira wata, suka shige da ita suka rufe ƙofa. Muka zauna a benci ni da Goggo. Aka kira la'asar. Can Goggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na ga tana shara bara. Na ji daɗi. Na ce tarbiyyata ce." Na kama hannunta, wanda babu wuƙa.

Sai muka ji kuka. Ƙarami, mai tsiwa, kamar na wanda aka ci wa bashin barci. Goggo ta ce, "Wannan ba jinina ba ne, ya cika raki," tana faɗa hawaye na bin kumatunta.

Namiji ne. Malamar ta fito tana share gumi ta ce, "Hajiya, Allah ya taimake ku da kuka zo yanzu, da kun ƙara..." Na ce, "Malama, tsaya nan, kada ki ƙarasa." Ta yi dariya ta tsaya.

Jiya da hantsi aka sallame mu. Goggo ta ƙi barin mabiyiya a asibiti, ta taho da ita ta wanke ta binne a bayan ɗaki da hannunta. Malam kuwa tun jiya yake zagaya gida yana tambayar inda ya ajiye hular da ke kansa.

Talata, 25 ga Satumba, da azahar

Shatu ta bi gari tana ba da labari. Yanzu duk wadda ta shigo barka sai ta ce, "Ina Saude marar kunya?" In ce ga ni.

Amma tun da muka dawo ban sake kiran sunan ba. Ita ma ba ta ce mini komai ba. Mun koma wajen Kyalla, sai dai yanzu dukanmu muna jin nauyin akuyar.

Laraba, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana uku Goggo ke yi mata wankan jego safe da yamma, ni aikina hura wuta a ƙarƙashin garwa. Yau da yamma ruwa ya tafasa, na juye a babbar tukunya na kai bayan zana, na kawo damin ganyen darbejiya na miƙa wa Goggo. Ta ƙi karɓa. Ta ce bayanta ya riƙe. Matar da ta hau dutsen nan da ƙunshi ba ta yi haki ba. Ta ce, "Je ki yi. Kada ki sassauta, jego ba wasa ba ne, in ruwa bai gasa ta ba sanyi zai shige ta." Ta ɗauki jariri ta zauna a jikin zanar ta waje.

Na shiga. Fatu tana zaune a kan kujera ta ba ni baya. Na tsoma ganye na fyaɗa mata. Tururi ya turnuƙe mu. Ta ƙanƙame jikinta, ba ta ce komai ba. Na sake. Na ga yatsun ƙafarta sun naɗe cikin ƙasa. Ni ma haka na yi a lokacina, kwana arba'in, ban ce uffan ba. Na tsoma na uku na ɗaga.

Sai ta ce, "Inna."

Na tsaya da ganye a sama, ruwan yana ɗiga mini a hannu.

"Inna, ya yi zafi."

Ba Kyalla ba. Ni. Na ajiye ganyen na jawo tulu na tuttula ruwan sanyi a tukunyar, abin da ko a mafarki ba a yi a gidan nan.

Daga bayan zana Goggo ta ce, "Me nake ji kamar ana zuba ruwa?"

Na ce, "Cewa ta yi ya yi zafi."

"Wa ya ce?"

"Fatu."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, Goggo."

Jariri ya ɗan yi gurnani. Na riƙe tulu ina jiran faɗa.

Goggo ta ce, "To tsayuwar me kike yi? Tambaye ta ko ya isa."

Na tambaye ta. Ta sa yatsa a ruwan, ta ce a ƙara kaɗan.